Fatar da ta tsage a damunar Japan

Tsakar dare na ji wani ƙara kamar an fasa buhu. Da na kunna fitila sai ga shamisen ɗina, abin kiɗan Japan mai tsirkiya uku, jingine da bango, fatarsa ta tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Wata uku ke nan da sayensa.

Shekarata ta biyu a Saitama, kusa da Tokyo, ina aiki a wani fili da ake kwance tsofaffin motoci ana loda kayansu a kwantena. Aikin ba ya son surutu, ɗakina kuma ba mai sallama. Ranar da na fara jin kiɗan Tsugaru, salon kaɗa shamisen na arewacin Japan, a wani biki, yadda makaɗin ke dukan tsirkiya da fata lokaci guda, jikina ya mutu. Kawu Sale na tuna, ƙanen Inna, da gogensa a zauren Kaka a Funtuwa. Sai da na tara albashi na sayi na hannu, mai kaurin wuya da suke kira futozao, kan yen 45,000.

Ashe sayen ne mai sauƙi. Akwai bachi, abin kaɗawa mai kama da matsefi marar haƙora. Na bawon kunkuru ya fi ƙarfina, na roba na ɗauka. Akwai yubikake, ɗan saƙaƙƙen ƙyalle da ake sawa tsakanin babban yatsa da manuni don hannu ya riƙa sulɓi a kan wuya. Tsirkiya uku ce, ta ukun siririya, kusan kullum cikin tsinkewa take. Sannan koma, ɗan ƙaramin abin da ke ɗaga tsirkiyoyin daga kan fata. Shi ne ya ja mini.

Na kai shamisen ɗin wurin wani dattijo mai gyara. Ya juya shi a hankali, ya ga koma na nan a maƙale, ya ja numfashi ta haƙora. Bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce duk wanda ya gama kiɗa zare koma yake yi, ya goge wuyan da ƙyalle, ya sa gangar cikin jakar washi, takardar gargajiya ta Japan. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli laimar nan cin fata take yi. Ni kuwa wankina ma a ɗakin nake shanyawa.

Sai ya tambaye ni wace fata zai sa. Na ce irin wadda ke kai. Ya ce ta kare ke nan.

Na yi tsit. Wata uku ina ɗora abin nan a cinyata, yana kwana kusa da dardumata. Masu siririn wuya ma da fatar kyanwa aka saba rufe su. Kunya da ɓacin rai suka haɗe mini, ga Japanancina bai kai in yi bayani ba. Abin da na iya shi ne na buɗe waya na nuna masa Kawu yana goge a bikin ƙanwata. Dattijon ya sa tabarau, ya kalla har sau biyu, ya nuna ƙoƙon da yatsa. Na ce fatar guza ce. Ya yi murmushi ya ce kakan shamisen, sanshin na Okinawa, da fatar maciji ake yinsa. Ranar na ji kaina ya yi girma. Muka tsaya kan fatar roba, wadda ba ruwanta da laima, ko da yake ya ce amon ba zai kai na da ba.

Baba bai san ina kiɗa ba. A wurinsa gidanmu ba gidan maroƙa ba ne, kuma shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa shi da Kawu. Inna kaɗai na faɗa wa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Jini ba ya ɓuya, amma kada Malam ya ji daga bakina."

Kawu yanzu hannunsa na rawa, gogen na rataye a ƙusa tun bara. Na tura masa sautin abin da na koya ta wayar ɗansa. Amsar ta zo washegari, ana jin kukan awaki a bayansa: "Ɗana, kana sauri. Wa ke korarka?" Na saurare ta a jirgin ƙasa, na sake saurara a wurin aiki, har yanzu ban share ta ba.