Eriyar mota: inda na kwana daga mayen ƙarfe zuwa huda rufi

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon rediyon sha'awa, wato wadda ake magana da juna ta iska da lasisi. Wata uku kenan ina kokawa da eriyar tsohuwar Golf ɗina, nace bari dai in rubuta abinda ya faru tun kafin in manta, ko wani zai tsallake ramukan da na faɗa.

Mafarin abin shi ne 'yar oba-oba ta Baofeng UV-5R da nake yawo da ita. A tsaye a fili tana ɗan kai magana, amma ina shiga mota in rufe ƙofa sai abokin gwajina yace muryata kamar daga cikin rijiya. Ashe motar kanta akwatin ƙarfe ce, ta tare mafi yawan siginar, ɗan abinda ya samu fita ta gilashi yake bi. To dole eriya ta fita waje.

Makon farko

Lissafin ba wuya, musamman ga wanda ya tashi yana jin ana cewa a kama mu a kan mita 16 da mita 19 a gajeren zango, wannan mitar ai tsawon zangon siginar ce. Mu a nan Afirka zangon mita 2 daga megahaz 144 zuwa 146 yake, kuma eriya mafi sauƙi ita ce mai kwatan zango. Ka raba 71 da megahaz ɗin da kake so, sai ya baka tsawon a mita. Na 145 ya bada kusan santimita 49. Wani abin daɗi kuma, 145 sau uku 435 ne, wato tsakiyar zangon santimita 70 da shima muke magana a kai, shi yasa sanda ɗaya take iya yi maka duka biyun, duk da dai a na biyun tana ɗan harba siginar sama fiye da yadda ake so.

Na samo gindi mai mayen ƙarfe da wayarsa RG-58 a haɗe, na ɗora sandar ƙarfe siririya, na kafa a tsakiyar rufi. Kuskurena na farko: na auna SWR, wato lambar da take nuna yadda eriya ta dace da rediyo (1.0 ce mafi dacewa), a cikin gareji, ƙofar mota a buɗe, ni kuma ina tsaye dab da eriyar. Na'urar auna eriya ta NanoVNA ta nuna eriyar tafi dacewa a ƙasa da inda nake so, wato tayi tsawo, sai na kama yanka ba tausayi. Da na fito fili na rufe ƙofofi na sake aunawa sai naga na wuce gona da iri, ta koma wajen 149. Abinda ka yanke kuwa baya dawowa. Sai wata sandar. Dan Allah ku dinga aunawa a fili nesa da gini, ƙofofi a rufe, kuma ku rage kaɗan-kaɗan kamar milimita biyu ko uku, kuna yi kuna dubawa.

Bambancin kuwa wallahi ba'a magana. Da wat 5 ɗin nan dai na oba-oba, a 145.500 da ake kiran juna, abokina yana gidansa da eriya a kan bene yana jina tangaram har na bar gari, alhali da ko unguwa uku bana tsallakewa.

Mako na uku

Kwaɗayi ya ja ni na ɗora mai biyar bisa takwas na zango, wadda ta kai kusan mita ɗaya da kwata, da ɗan naɗin waya a gindinta. Ita tana kwantar da siginar ta bi ƙasa-ƙasa maimakon ta tafi sama a banza, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu ta Kano hakan riba ce. Amma mayen ƙarfen nawa ƙarami ne. A hanyar Zariya wata tirela ta wuce ni da gudu, sai naji ƙwal a bayan mota, na duba madubi naga eriyar tana lilo a jikin wayarta tana dukan gilashin baya. Allah ya rufa asiri bata faɗa kan na bayana ba. Da na ɗaga gindin kuma naga ƙura ta shige ƙarƙashinsa ta zana da'ira a fenti kamar an goga da sanfefa, ga wayar da nake bi da ita ta ƙofa ta fara lotsewa. Mayen ƙarfe na gwaji ne da motar aro, iyakar abinda zan ce kenan.

Na yanke shawarar huda rufi in sa gindin NMO, wato wanda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen rufin, ramin inci uku bisa huɗu ne, kusan milimita 19. Fanalbita ya kalle ni ya kalli motar yace, "Alhaji rufi fa kace? To ranar da zaka sayar wa zai saya?" Nace masa oga wannan motar ni da ita sai dai bola. Muka sassauta silin ɗin daga ciki dan kar bakin dirilin ya kama shi, muka kauce wa ƙarfen da ya gitta rufin, sannan muka kankare fentin ciki a gefen ramin har ƙarfe ya fito fari, saboda haƙoran gindin su ciji ƙarfe tsantsa. Akwai zoben roba da yake hana ruwa, kar a manta dashi. An sha ruwan sama sau biyu tun daga nan, ko ɗigo.

A nan ne dattijonmu da ya daɗe a harkar ya faɗa min maganar da sai daga baya na gane ta sosai. Yace, "Yaro, sandar nan da kake ta lallaɓawa rabin eriya ce, ɗaya rabin motarka ce."

Wata na biyu, gajeren zango

Nan ne aikin yake. Kwatan zango a mita 20 kusan mita 5 ne, a mita 40 kuma mita 10, ba wanda zai yi yawo da wannan a Kano inda wayoyin wuta suke reto a lungu kuma ga rassan darbejiya. Shi yasa ake gajarta sandar a cike gurbin da naɗin waya. Na samu irin wadda ake kira Hamstick ta mita 20, sandar faiba ce da aka naɗe da waya, sai siririn ƙarfe a sama da ake zugewa a daidaita. Kowane zango da sandarsa. Masu hali suna sa mai ɗan inji a ciki wadda take miƙewa da kanta, irin ATAS-120A ta kamfanin Yaesu da take tafiya da rediyonsu FT-891, ni dai aljihuna bai kai nan ba tukuna.

Mai walda ya haɗa min ƙarfen ɗaurawa a baya ta gefen but. Wuta kuma na sa rewaya ya jawo kai tsaye daga batir da waya mai kauri, da fis dab da kan batir ɗin. Rediyo mai wat 100 tana jan wajen amfa 20 in tana magana, soket ɗin sigari bazai ɗauka ba, kar ma ku gwada. In zaku kai mota walda kuma ku cire rediyon gaba ɗaya tukuna.

Na auna, SWR 1.2, kuma a shimfiɗe kusan duk faɗin zangon daga megahaz 14.000 har 14.350. Murna kamar in taka rawa. Na kwana biyu ina kira, da ƙyar wani mutumin Italiya ya amsa, shima sai da na maimaita alamar kirana, wato lambar tashata ta lasisi, sau huɗu. Na kai ƙara wajen dattijo ina cewa ai eriyar lafiyarta ƙalau ga lamba nan, sai yayi dariya yace in je in ɗaura domi lod, wato abin gwaji da yake shanye wutar ba ya fitar da sigina, in auna, zai bani 1.0 cif kuma ko maƙwabcina bazai ji ni ba.

Ga abinda na fahimta, ku gyara min in na karkace. Rediyo om 50 take son gani, om kuwa ma'aunin turjiyar da wuta take samu ne. Gajeriyar eriya kuwa ɓangaren da yake fitar da sigina da gaske ƙasa da 50 yake sosai, ragowar da yake cike lissafin asara ce, wata a naɗin wayar, wata a jikin mota da bai haɗu da kyau ba. Wato kyakkyawar lambar da nake taƙama da ita, wutata ce take ƙonewa ta zama zafi a tsatsa da hinjin ƙofa. Murfin but, bonet, ƙofofi, salansa, duk a ido a haɗe suke, amma tsakaninsu fenti ne da giris da roba.

Asabar guda na kashe a kan wannan. Na fere tsohuwar wayar eriya mai kauri na zare sakar tagullar cikinta na buga ta tayi faɗi, saboda siginar rediyo a fatar waya take tafiya, mai faɗi kuma gajeriya tafi siririya doguwa. Na ɗaure but da jikin mota ta hinji biyu, bonet ma haka, salansa a wuri biyu, sai ƙarfen eriyar kansa zuwa shasi. Kowane wuri sai na kankare fenti, na ɗaure da wosha mai haƙora, na shafe da giris saboda tsatsa. Hannuna duk yanka.

Na sake aunawa: SWR ya haura 1.7, faɗin da take aiki ya tsuke, inda tafi dacewa ma ya gusa sai da na sake zuge ƙarfen saman. Da ban ji bayani ba da na kwance komai nace na ɓata. Da yamma na fita bayan gari ta hanyar Bichi na faka a gefen wata gona na kira, na ƙara da cewa ina mota. Mutum biyu daga Sifaniya, ɗaya daga Jamus, sai kuma suka fara hawa kan juna, dan alamar 5N ta Najeriya ba kullum suke samunta ba, balle 5U ta Nijar. Daga baya na ƙara ɗan naɗin waya tsakanin gindin eriya da jikin mota, ina buɗa shi ina matsewa har lambar ta sauko 1.3, wannan karon ba ta hanyar asara ba.

Amfanin da na gani

Babban abinda ban zata ba shi ne shiru. A gida inbata da cajar sola da ƙwayayen LED da janareton maƙwabta sun cika min zangon da shuuu, mitar da take auna ƙarfin sigina tana S8 ko ba kowa. A bakin gonar nan S2 take. Tashoshin da ban taɓa sanin suna nan ba sai gasu raɗau. Yanzu motar ce ɗakin rediyona, gida wajen caji ne kawai. Na biyu kuma tafiyar ƙauye mota biyu, inda sabis ɗin waya yake ɗaukewa, ni da abokina muna faɗa wa juna rami da kwana a mita 2. Shima da lasisinsa fa, kuma ba'a harkar kasuwanci ko maganar sirri a waɗannan zanguna. Ina tuƙi bana taɓa maɓallin neman tasha, gajeren zango sai na faka.

Sai shingen bincike. Yadda tsaro yake a arewa, mota mai sanda biyu a kai dole a tsare ta, kuma banga laifinsu ba. An taɓa ajiye ni kusan minti arba'in ana kiran oga. Tun daga nan lasisi da hotonsa suna aljihun gaba tare da takardun mota, doguwar sandar kuma a kwance take a but sai na isa inda zani. Yara ma in ka faka sai sun taru, a kore su daga jikin sandar kafin a danna maɓallin magana, tana ƙona hannu. A gidan mai kuma rediyo a kashe.

Wajen hunturu na lura da wani ƙas-ƙas da yake ƙaruwa in ina gudu cikin ƙura ya lafa in na tsaya, ƙurar ce take goga sandar tana tara mata caji. Na sa 'yar hular roba a tsinin, ya ragu kaɗan. Kukan altaneta mai bin totur shi ya tafi tun da na ja wuta daga batir. Wanda ya rage wani zzzz ne da yake farawa da na murɗa makulli tun kafin inji ya tashi, yayi daƙiƙa biyu ya tsaya, in inji ya tashi kuma ya dawo ya zauna. Famfon mai nake zargi. Na samo zoben ferait guda huɗu da kafasito, waɗanda ake sa wa waya dan tace ƙara, ranar Asabar zamu ɗaga kujerar baya ni da rewaya mu gani. Wanda yake da sandar mita 40 da baya amfani da ita kuma ya ara min na sati biyu, ina so in gwada ko zan samu Maraɗi da rana.