Kare kayan wuta daga tsawa: rabin aikin a cikin ƙasa yake

Daga watan Mayu, da zarar hadari ya fara haɗuwa a kan Binuwai, teburin shagonmu a nan Garwa ba ya rabuwa da talabijin, dikoda da injin sola da suka ƙone. Mai kaya ya zo yana rantsuwa cewa aradu ba ta faɗa gidansa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ba sai ta faɗa gidan ba. Idan ta sauka kusa da layin wuta, ko da nesa da unguwa, ƙarfin da ya kai dubban volt yakan biyo waya cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya shiga kayan da aka yi don volt 220.

Abin da muke sakawa a akwatin rarraba wutar gida shi ne farafudur, wato na'urar kare kaya daga tsawa, irin na aji na biyu, mai rubutun volt 275 da kilo'amfa 40 a jikinsa. A cikinsa akwai baristo, wanda ke zaune shiru muddin wuta na daidai. Da ƙarfi ya haura, sai ya buɗe hanya ya zubar da rarar zuwa ƙasa. Wato shi ba ya shanye tsawa, juya ta yake yi. To in babu hanyar zuwa ƙasa, ina za ta bi?

Shi ya sa muke daɗewa a kan sandar ƙasa fiye da komai. Sanda mai tsawon mita 2 muke kafawa, a wuri mai laima, mu ɗaure ta da tsurar wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 25, da maɗauri na tagulla, ba a murɗa waya a bar ta haka ba. Sannan mu auna da na'ura. Muna neman ohom 10 ko ƙasa da haka, ohom kuwa shi ne ma'aunin wuyar da wuta ke sha kafin ta shige ƙasa. In sanda ɗaya ba ta kai mu ba, mu ƙara ta biyu, tazarar da ba ta gaza tsawon sandar ba, mu haɗe su. Awon da aka yi a Agusta yaudara ne, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa kowa tana ba shi lamba mai kyau. A Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasar Garwa ta bushe ƙurmus, ake sanin gaskiyar aiki. Masu zuba buhun gishiri a rami kuwa, lambar za ta sauka a ranar, amma gishirin ne zai cinye sandar. Wayar da ta haɗa farafudur da layi da ƙasa kuma, jimillarta kada ta wuce santimita 50, a miƙe, ba a nannaɗe ba. Duk ƙarin tsawo ƙarin ƙarfi ne da zai wuce zuwa talabijin.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jabun kaya. Ralonji, wato soket mai doguwar waya, irin wanda ake sayarwa a kasuwa da hoton walƙiya a kwali, mun buɗe su ba sau ɗaya ba: ƙaramar fitila ja ce kawai da makunni, babu baristo ko ɗaya. Sandar ƙasa ma akwai ta ƙarfe zalla da aka shafa wa launin tagulla. Karce ta da zarto ka gani. Sai Alhaji ya sayi talabijin mai tsada, in an zo kan ramin sanda ya ce a rage masa, wai ai wani yaro zai yi a rabin kuɗin. Mu ba ma rage kaurin waya don ciniki ya faɗa.

Akwai ƙofar da ake mantawa, wayar farantin tauraron ɗan'adam. Tsawa na biyo ta daga rufi zuwa dikoda, daga nan ta bi wayar HDMI ta kashe talabijin, ko da an kashe soket. Ita ma akwai ɗan makarinta da ake ɗaurawa a haɗa da ƙasa. Mai sola kuma yana buƙatar farafudur na DC daban tsakanin faifan rana da inji.

Kada kuma a haɗa tsawa da matsalar katsewar wayar nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta), wadda iska ke jawowa. Wannan kan jefa gida cikin wutar da ta doshi volt 380 na tsawon lokaci, farafudur ba maganinta ba ne. Abin da ke tare ta shi ne makarin volt, mu saita shi ya yanke a 250 a sama, 180 a ƙasa, ya jira minti 3 kafin ya mayar da wuta saboda kwamfuresan firji. Regilata kuwa daidaita wuta yake yi, tsawa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Duk da haka, in hadari ya taso gadan-gadan, a zare kaya daga bango tun kafin a fara rugugi, har da wayar faranti. Danna makunni bai isa ba. Bayan ruwa ya ɗauke a leƙa ɗan tagar da ke jikin farafudur. In kore ne yana nan da ransa, in ya koma ja ya gama aikinsa, a kawo mana mu sauya.