Jakar da ba a ajiyewa

A makon da ya wuce na miƙa makullin babur ga maigidana, bayan shekara shida ina kai masa kayan gyara daga shagonsa na Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyara a Kumasi ta ƙasar Ghana, zuwa ga abokan cinikinsa na arewa. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san hanyar: Kumasi, Tachiman, Kintampo, a haye gadar Buipe da ta Yapei, a shiga Tamale bayan kusan kilomita 380, wani lokaci a zarce Walewale da Bolga. Tafiyar kwana huɗu ce ko biyar idan an haɗa da karɓo bashi, kuma yadda mutum ya ɗaure kayansa a safiyar farko shi ke yanke masa hukuncin sauran kwanakin.

A shekarata ta biyu, cikin hunturu, na gama shiri tun bayan sallar asuba, na sa batura da cen-cen a jakunkunan gefe, na ɗora jakar gyarana a bayan kujera. A cikinta akwai tif na gaba da na baya, da famfo, da kayan faci, da ƙarfen cire taya, da sifanu, da fulogi, da wayar kuloci. Maigida ya fito da ƙarin kwali biyu na batura, ya dubi jakar ya ce, "Kai yaro, sauke wannan tarkace, ko akwai garin da ba mai faci?" Na ce, "Alhaji, bayan Kintampo daji ne." Ya ce shi ya bi hanyar nan tun ba a haife ni ba. Na yi shiru na sauke, kuma shirun nan shi ne laifina, ba na ɗora wa kowa shi.

Kwalayen ba su sami wuri ba sai can ƙarshen kariya, a sama, bayan gindin tayar baya. Wanda bai taɓa tuƙa babur a haka ba ba zai gane ba: gaba yakan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a hannu, nauyi duka ya koma kan taya ɗaya wadda ke ta ɗaukar zafi a kan kwalta. Na wuce Kintampo da la'asar sakaliya, ƙura ta rufe rana, sai na faɗa wani rami, tayar baya ta sace nan take. Babur ya kwanta da ni a gefen hanya, batura uku suka fashe, ruwansu ya ci mini wando ya ƙona mini ƙwauri. Da jakata tana nan, gyaran bai fi na rabin awa ba. Haka na tura babur da kayansa cikin duhu, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa ni da iska, har na kai wani ƙauye inda liman, Allah ya saka masa, ya bar ni na kwana a masallaci.

Da na dawo Kumasi, maigida bai tambayi ƙafata ba. Ya kira ni a gaban sauran yaran shago ya ce ganganci ne, ya yi wata uku yana yankar kuɗin baturan daga albashina, bai kuma taɓa ambatar jakar da ya sa na sauke ba. Ina girmama shi har yanzu, domin a hannunsa na koyi ciniki, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba wanda ke zaune a shago ne zai kwana a daji ba.

Tun daga ranar, abu mai nauyi ƙasa nake sa shi, kusa da tsakiyar babur, dama da hagu su yi daidai, kuma idan kaya sun fi ƙarfi nakan ce a ba motar Tamale sauran, ko da za a ɓata rai. Robar tsohon tif nake ɗauri da ita, in tsaya a Offinso, gaba kaɗan da Kumasi, in sake jan kowane ɗauri, domin kaya sukan zauna bayan tafiyar farko. Takardun babur da lasin suna cikin leda a jikina saboda shingen 'yan sanda, kuɗi kuma mafi yawansu a MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Rigar ruwa da damina, rigar sanyi da man kaɗe da hunturu, buta da darduma a inda hannu zai kai ba sai an kwance komai ba. Tufafi kala biyu sun isa.

Yaron da zai gaje ni ɗan Aboabo ne, mai natsuwa, na kuma zaunar da shi na sa ya cire tayar baya ya mayar sau uku a gabana. Jakar dai na tafi da abata, domin da kuɗina na sayi duk abin da ke cikinta, amma na raka shi layin masu taya ya sayi tif biyu da famfo, na ce kada ya sa su a lissafin shago.