Henry Shefflin: Gwarzon da Bai Taɓa Sauya Ƙungiyar Ƙauyensu Ba

A nan Jos mun saba auna girman ɗan wasa da nisan da ya yi daga gida. Mikel Obi da Ahmed Musa duk a garin nan aka haife su, kuma abin da ake tinƙaho da shi a majalisun Terminus da Bukuru shi ne yadda suka tsallaka Turai suka yi suna. Tarihin Henry Shefflin, ɗan wasan hurling na ƙasar Ailan, ya bi wata hanya dabam, domin ya kai ƙololuwar wasansa ba tare da ya taɓa barin ƙungiyar ƙauyen da ya taso ba.

Hurling wasa ne da ake yi da sanda mai faffaɗan baki da ƙaramar ƙwallo mai tauri, mutum 15 a kowane ɓangare. Idan ƙwallon ta shiga raga an ci maki 3, idan kuwa ta wuce ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu an ci maki 1. Hukumar GAA, wadda aka kafa a 1884, ita ke kula da shi, kuma har yau ba ta yarda a biya ɗan wasa albashi ba. Yaro yana tasowa ne a ƙungiyar yankinsu, in ya yi fice sai a kira shi ya wakilci gundumarsu, amma kiran ba ya raba shi da ƙungiyarsa ta asali. Yana buga wa dukansu biyu a shekara guda.

An haifi Shefflin a 1979, ya kuma taso a Ballyhale, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Kilkenny. Ya fara buga gasar manya ta gundumomi a 1999, shekarar da Brian Cody ya fara jagorantar tawagar Kilkenny, kuma tafiyarsu tare ta kawo kofin ƙasa baki ɗaya har sau 10 tsakanin 2000 da 2014, adadin da babu ɗan wasan da ya taɓa kaiwa kafin shi. An zaɓe shi gwarzon shekara a 2002 da 2006 da 2012, ya kuma shiga jerin zaratan shekara sau 11. Mafi yawan wannan ya yi shi ne alhali yana aikin banki, sai da yamma ya tafi atisaye.

A ganina, shekarar da ya rasa kofi ta fi bayyana matsayinsa fiye da waɗanda ya ci. Kilkenny ta ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 2006 zuwa 2009, tana neman na biyar a 2010, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin. Sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan kusa da na ƙarshe da Cork, irin raunin da ya taɓa samu a wasan ƙarshe na 2007, lokacin da yake kyaftin ya ɗaga kofi da ciwo a ƙafa. Wannan rauni kan kwantar da mutum watanni, amma cikin 'yan makonni aka gan shi a filin atisaye na Nowlan Park, inda dubban mutane suka yi cincirindo don su tabbatar da idanunsu. Ya fara wasan ƙarshe da Tipperary a Croke Park, gwiwar ta ƙi ba shi haɗin kai, aka fitar da shi tun kafin a yi nisa, Tipperary kuma ta yi nasara. Ana iya cewa ganganci ne a saka shi, ni ma ina da wannan ra'ayi, sai dai ya warke ya dawo ya ƙara cin kofi uku.

Ɓangaren ƙungiya shi ne wanda masu kallo daga waje kan tsallake, alhali a can ne ake gane tsarin. Ballyhale Shamrocks, wadda aka kafa a 1972, ba ta sayen 'yan wasa. Da yaran gidajen yankin take dogara, 'yan uwa da maƙwabta da abokan makaranta. Daga wannan ɗan yanki ne TJ Reid da 'yan gidan Fennelly, Michael da Colin, suka fito. Tare da su Shefflin ya ci gasar gundumar Kilkenny sau shida, ya kuma ɗauki kofin ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya a 2007 da 2010 da 2015. Na ƙarshen sun ci shi ne a kan ƙungiyar Kilmallock ranar 17 ga Maris, kuma kwanaki kaɗan bayan haka ya sanar da cewa ya daina buga wa gunduma.

Da ya koma horarwa ma, a Ballyhale ya fara, ya jagoranci yaran da suka taso suna kallonsa suka ci kofin ƙasa a 2019 da 2020. Sai a ƙarshen 2021 ya karɓi aikin horar da gundumar Galway, wanda ya sa dole ya fuskanci Kilkenny da tsohon maigidansa Cody a fili. Ya bar aikin a 2024 ba tare da ya ci babban kofi da su ba.