“Haƙori ne yake fito masa”

A shekarata ta ƙarshe ta karatun kiwon lafiyar al'umma, aka ba ni bincike kan mace-macen jarirai a Finsbury, wata unguwar talakawa a Landan, wajen 1900. Ban so aikin ba da farko, gani nake me ya haɗa ni da Turawan da suka daɗe a kabari.

Alƙaluman ne suka fara girgiza ni. A 1899, cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa a Ingila da Wales, 163 ba su kai shekara ba. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da ake rubutawa a gurbin sanadin mutuwa: rashin ƙarfi, jijjiga, fitar haƙori. Haƙori! Kalmar da na tashi ina ji a bakin iyayenmu mata duk sanda yaro ya kama zawo.

Da ka bi bayan kalmar sai ka tarar da zawon lokacin zafi. Kashin dawakai ya cika tituna, ƙuda na tashi daga nan ya sauka kan madarar da ta wuni a ɗaki. Ga kwalbar shayarwa mai doguwar robar tsotso, wadda cikinta ba ya wankuwa, madara ta daskare a ciki ta yi tsami. Jaririn da ke kan nonon uwa ya fi tsira nesa ba kusa ba.

George Newman, likitan da ke kula da lafiyar unguwar, ya fitar da littafi kan matsalar a 1906. Ya nuna mutuwar ta fi yawa a gidajen da iyali duka ke cunkushe a ɗaki ɗaya, duk da haka ya jingina kaso mai yawa na laifin ga rashin sanin iyaye mata. Nan na rabu da shi. Matar da ba ta da inda za ta adana madara, wa'azin tsafta kaɗai ba zai cece ta ba.

Yanzu idan uwa ta shimfiɗa min ɗanta, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, ta ce haƙori ne, ba na musu da ita. Sai in ce, “Sannu, baiwar Allah. Sau nawa ya yi tun safe? Ina kuke samun ruwan sha?” Ina tambaya, ina haɗa masa ruwan gishiri da sukari.