Biza, Tikiti da Maganar Dusar Ƙanƙara

Ofishinmu ƙarami ne, a nan cikin garin Sakkwato. Muna yankar tikitin jirgi, mu nemi biza, mu shirya Umra, mu kuma samar wa ɗalibai gurbin karatu a Turkiyya, Jojiya da Kirgistan. Masu Umra ba su da wuyar sha'ani. Ɗalibai ne ke hana ni barci, musamman daga Disamba zuwa Maris.

Yaron da ya tashi a Mabera ko Runjin Sambo ya san zafin bazara, ya san hunturu, ya san ba a wasa da Gulbin Rima in ya cika. Dusar ƙanƙara kuwa sai a waya yake ganinta. Da an yi hutu sai abokai su ja shi Uludag kusa da Bursa, ko Gudauri a Jojiya, ko Ala-Archa a kudancin Bishkek, su bar hanyar da aka killace su hau gangare don ɗaukar hoto. Shi ya sa kafin in miƙa wa ɗalibi fasfonsa nake zaunar da shi gaban mahaifinsa.

Nakan ce, “Ɗana, ƙanƙarar da za ka gani a kan dutse hawa-hawa take.” Kowace zuba da irin nata. Wata takan zama ɓarɓashi mara danƙo, sai sabuwa ta sauka a kanta, iska ta daddanne ta har ta yi tauri. Kamar tabarma ce aka shimfiɗa kan gero a gangare: nauyin mutum ɗaya ya isa ta sulale gaba ɗaya. Galibin irin wannan zaftarewar ƙanƙara na faruwa ne a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, kuma akasarin waɗanda suka rasu, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita. Kwana ɗaya ko biyu bayan zuba mai yawa, ko bayan iska mai ƙarfi, ko rana ta ɗumama kwatsam, nan ne haɗarin ya fi. In ƙanƙara ta tsage a gabanka, ko ka ji ta yi gim a ƙarƙashin ƙafa, juya.

Ƙasashen Turai sun tsayar da ma'aunin haɗari daga mataki 1 zuwa 5 tun 1993, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa, don mutane na ganin da sauƙi. Wanda ƙanƙara ta binne aka tono shi cikin minti 15 yawanci yana rayuwa. Bayan rabin awa fata ya ragu ƙwarai. Saboda haka masu shiga duwatsu ke ɗaukar na'urar gano wanda ya binnu, da doguwar sandar lalube, da shebur. A Fabrairun 2020, a lardin Van na Turkiyya, an yi zaftarewa biyu a jere, ta biyun ta rufta kan masu ceto, jimillar mutum fiye da 40 suka rasu.

Iyaye kan tambaye ni, “Alhaji, to mu hana shi fita?” Ba na cewa a hana. Ya je inda aka killace, in zai wuce nan ya ɗauki ƙwararren ɗan jagora. Inshora ma ina karanta ta layi-layi kafin a biya, don da yawa ba sa ɗaukar kuɗin ceto a kan dutse. In babu wannan sharaɗi, nakan nemo wata ko da ta fi tsada, in kuma bayyana wa uban dalili.