Alƙalancin Karnukan Azawak a Faransa

A gasar karnuka, minti biyu zuwa uku kare yake samu a hannun alƙali. A cikin wannan ɗan lokaci za ka dube shi daga nesa, ka matso ka buɗe bakinsa, ka shafa shi tun daga kai har jela, ka sa mai shi ya zagaya fili da shi, sannan ka juya ga magatakarda ka faɗi abin da ka gani, ya rubuta. Da wannan takarda mai kare zai koma gida, kuma ita masu kiwo za su duba kafin su yarda a yi barbara da karen. Hukuncin minti uku yana iya bin zuriya har jikoki, shi ya sa aikin yake da nauyi a wurina.

Ni likitan dabbobi ne, haifaffen ƙasar Dandi, kusa da Kamba, bakin iyakarmu da Nijar. Na yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, daga baya ƙarin karatu ya kai ni Faransa. A can na shiga cikin masu kiwon karnukan gudu, na fara da riƙe takarda a gefen fili, na daɗe ina zama bayan tsofaffin alƙalai ina koyo, na yi jarrabawa, sannan aka ba ni izinin hukunci a kan jinsi guda, wato Azawak. Bayan na dawo gida ne aka gayyace ni wata gasar ƙasa da ƙasa a Faransa, inda karnuka suka zo daga Faransa da Jamus da Italiya da wasu ƙasashen.

Irin wannan gasa tana gudana ne ƙarƙashin dokokin FCI, babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya da ƙasashe biyar na Turai suka kafa a 1911, mai hedikwata a garin Thuin na Beljiyam. Ta kasa jinsunan karnuka gida 10, kuma Azawak yana gida na goma, na karnukan da ke farauta da ido da gudu, tare da Saluki da Sulugi na Arewacin Afirka. Kowane jinsi yana da rubutacciyar ƙa'ida. Ta Azawak ita ce mai lamba 307, kuma Faransa ce ke kula da ita.

Sunan ba baƙo ba ne ga mutumin Kebbi, domin mun san shanun Azawak a kasuwanninmu. Kwarin Azawak yana tsakanin Mali da Nijar, ya gangaro ta Dallol Boso har ya faɗa kogin Kwara a jihar Dosso, maƙwabciyarmu. Buzaye da Fulani makiyaya ne suka raini karen, yana gadin zango da dare, yana kama zomo da barewa da rana. A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta Yugoslabiya da Faransa. Wato karen da nake aunawa da takardar Bature ɗan uwan karnukan da na tashi ina gani a bayan mafarauta ne.

Kafin a fara, ba a yarda alƙali ya ga littafin sunayen karnuka ba. Lamba kawai kake gani a hannun mai jan igiya. Ana shigo da su aji-aji: matasa, manya, zakaru, tsofaffi, maza daban, mata daban. Ba a fara gwada wannan da wancan, sai an auna kowane da ƙa'ida an ba shi daraja, sannan a jera waɗanda suka sami babbar daraja a fitar da na ɗaya zuwa na huɗu.

Azawak ba ya son baƙo, kuma ƙa'idar kanta ta yarda da haka. Ba na tunkarar sa gaba da gaba. Ta gefe nake zuwa, ba na zuba masa ido, in bar shi ya shinshini bayan hannuna tukuna. Idan na ga ya ɗaure jiki, sai in ce wa mai shi ya ɗaga masa leɓe da kansa in ga haƙora, na sama su rufe na ƙasa daf da daf. Amma wanda ya kai cizo, ko ya kwanta don tsoro har ba a iya taɓa shi, an fitar da shi ke nan.

Tsayin namiji a kafaɗa santimita 64 zuwa 74 ne, mace 60 zuwa 70, nauyin namiji kuwa kilo 20 zuwa 25 kacal. Tsayinsa ya fi tsawon jikinsa, ƙugu daidai da kafaɗa ko ya ɗan ɗara ta, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, fata siririya har kana ganin tsoka da ƙashi a ƙarƙashinta. A nan ne na fi daɗewa a ranar, domin da yawa daga cikin karnukan sun yi ƙiba. Masu su suna son su ƙwarai, kuma maƙwabci a Turai idan ya ga haƙarƙarin kare a waje sai ya ɗauka yunwa ake ba shi, to sai a riƙa ƙara abinci. Wani babban namiji ja ya shigo, kansa kamar an zana, gashinsa na sheƙi, 'yan kallo har tafi suke. Da na ɗora tafin hannu a awazarsa sai da na danna kafin in ji ƙashi. Da ya fara sassarfa kuma ƙafafun baya ba sa tura shi, bayansa na rawa. Na rubuta gaskiyar abin da na ji a hannuna, na rage masa daraja. Mai shi mutum ne da muka daɗe da sanin juna, na sha cin abinci a gidansa, amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Ya karɓi takardarsa, ya miƙo hannu muka gaisa, fuskarsa ba walwala.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata karya ce a ajin manya. Tun shigowarta na san ta fi sauran. Tafiyarta ba nauyi, tana ɗaga ƙafa ba tare da wahala ba, dagin ƙafarta a dunƙule, yatsu a haɗe, ƙasan dagin da kauri irin na karen da ya saba taka tsakuwa. Na shafa cinyarta na ji tsoka mai tauri, ba kitse ko kaɗan. Na tabbata da za a sake ta a fako bayan zomo, ba wanda zai sha gabanta a filin nan. Sai dai fari ya yi mata yawa, ya haura ƙirji ya zagaye wuya. Ƙa'idar FCI ta taƙaita launin Azawak ga ruwan ƙasa, daga mai haske zuwa ja mai duhu, da mai zane-zane, ta kuma iyakance inda fari zai fito: ƙirji, ƙafafu, da kan jela. Na daɗe a tsaye a gabanta. Daga ƙarshe na bi takarda, domin a kanta na karɓi aikin, kuma sauran mutane sun yi tafiya mai nisa bisa yardar cewa da ita za a yi hukunci. Amma na sa magatakarda ya rubuta dalla-dalla cewa ƙirarta da tafiyarta sun fi na duk wadda ta shigo ranar.

Ra'ayina a kan wannan ƙa'ida ta launi ban ɓoye shi ba a taron masu kiwo da yamma. An rubuta ta ne daga 'yan karnukan da aka fara kaiwa Turai, alhali a zangon makiyaya akwai baƙi, akwai fari, akwai roɗi-roɗi, kuma ba Buzun da ke ƙin kare mai kama barewa saboda farin wuya. Ƙungiyar Amurka, AKC, da ta karɓi jinsin a 2019, ba ta hana kowane launi ba. Jinsin da asalinsa a Turai 'yan tsiraru ne, idan aka ci gaba da cire masu lafiya saboda launi, auren zumunci zai yi yawa a cikinsa, kuma a matsayina na likita na san inda wannan ke kaiwa. A filin da ke kusa da nawa ana hukunta karnuka masu gajeren hanci, ina jin numfashinsu yana gurnani daga inda nake. Su ma mutane ne suka bi kyan gani har suka kai su haka.

Duk da haka akwai abin da na yaba musu ƙwarai. Kowane kare yana da ɗan ƙanƙanin na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa, yana da takardar asali da ta nuna iyaye da kakanni, kuma ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da shaidar allurar haukan kare. Wanda zai fito daga irin ƙasarmu sai an gwada jininsa, ya jira wata uku. An hana yanke kunne a yawancin ƙasashen, abin da mafarautanmu ke yi wa kwikwiyo tun yana ƙarami. Suna kuma shirya tseren bin zomon roba da inji ke ja, don kada gudun ya mutu a jinin karen.

Da na koma gida na kai wa wani dattijo, shugaban mafarautan yankinmu, hotunan. Ya daɗe yana duba su, ya tsaya a kan jan namijin nan.

"Likita, wanga kare ya taɓa kwana daji?"

Na ce, "A'a, Baba, a ɗaki yake kwana."

Ya wuce zuwa hoton karyar mai farin wuya, ya sa yatsa a ƙafarta. "Wagga ita ce kare. Ita ta ci?"

Na ce ba ita ba ce, na yi masa bayanin launi. Ya girgiza kai, ya ce shi in zai zaɓi kwikwiyo dagi yake fara dubawa, sai ƙirji, sai ya tambayi ko uwar tana kamu. Abin da ƙa'ida mai lamba 307 ta zayyana a shafuka, ban da launi, kusan duk yana cikin waɗannan abubuwa uku.

Matsalarmu ita ce ilimin yana kan tsofaffi kawai, kuma dogayen karnukan nan suna raguwa. Daji ya ja baya, rashin tsaro ya hana farautar nesa, sauran kuma suna gauraya da karnukan gari. Addini bai hana mu kula da su ba: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma an yarda a riƙe kare don farauta da gadin dabbobi da gona.

Yanzu duk lokacin da na fita allurar haukan kare a ƙauyukan ƙananan hukumomin Dandi da Arewa, ina tafe da babban littafi da sandar awo. In an kawo dogon kare sai in auna tsayinsa, in ɗauki hotonsa ta gefe, in rubuta launinsa ko wane iri ne, da sunan uwarsa da ubansa idan mai shi ya sani, da abin da yake kamawa. Dattijon ya sa yaransa su riƙa sanar da ni idan karya mai kyau ta haihu, kuma mun yi da su cewa kwikwiyon da zai shiga littafi ba za a yanke masa kunne ba.